Kafin 'Yarki Ta Ɗauki Ƙwallo, Ki Ji Yadda Halimatu Ta Fara

 Ina yi muku fatan alheri daga nan Dogon Daji ta ƙasar Tambuwal, inda nake koyarwa a makarantar firamare. Yau ina so mu tattauna wata magana wadda da yawa daga cikinmu suke ganin ba ta shafe mu ba, watau maganar 'yan matan da suke buga ƙwallon ƙafa har su mai da shi sana'ar da za su ci abinci da ita.

Tun ranar 26 ga watan Yuli na 2025, da 'yan matan Nijeriya suka doke na Maroko da ci 3 da 2 a birnin Rabat, suka ɗauko kofin Afirka karo na goma, maganar nan ta shigo gidajenmu ko muna so ko ba mu so. An fara cin su biyu kafin a tafi hutun rabin lokaci, suka dawo suka farke, suka kuma ƙara ɗaya. Da suka komo gida Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya karɓe su a Abuja, ya ba da sanarwar kyautar kuɗi daidai da dala 100,000 ga kowace 'yar wasa, da gida, da lambar girmamawa ta ƙasa. Rediyo ya faɗa, wayoyin hannu suka yaɗa, har ƙananan 'yan matan da muke koyarwa suka haddace sunayen 'yan wasan.

To, daga nan sai na lura mun rabu kashi biyu. Akwai wadda da ta ji an ambaci mace da ƙwallo sai ta tofar da yawu ta ce Allah Ya tsari zuriyarta. Akwai kuma wadda da ta ji an ambaci dala sai ta gyara zama, ta fara duban ƙafar 'yarta. Ni a nawa ganin, dukansu biyu ƙarshen hanya suka hango, babu wadda ta tsaya ta dubi farkonta. Alhali kuwa a farkon nan ne yarinya take gyaruwa ko ta lalace, tun tana shekara goma sha biyu har zuwa ashirin da 'yan kai, lokacin da ba wanda ya san sunanta sai mutanen gidansu. Ra'ayina shi ne, yarinyar da Allah Ya ba baiwar wasan nan kada a kore ta da bulala, kada kuma a sake ta ita kaɗai ta ajiye littafi ta bi duniya. A tsaya mata a gida, a tsaya mata a makaranta. Domin ku ga dalilina, bari in ba ku labarin wata 'yar Arewa wadda ta bi hanyar nan da ƙafarta.

Sunanta Halimatu Ayinde, an haife ta a Kaduna ranar 16 ga watan Mayu na 1995. 'Yar wasan tsakiya ce, watau wadda aikinta shi ne ta tare ƙwallo daga abokan karawa kafin su kai ga gida, ta kuma raba wa na gaba. Aiki ne mai wuya wanda ba a cika yi wa mai shi tafi ba, kamar dai aikin uwargida ranar biki, kowa ya ci ya ƙoshi amma ba a tuna wanda ya hura wuta. Ta faɗa da bakinta a hirar da aka yi da ita cewa iyayenta sun goyi bayanta, amma yayyenta maza ba su so ba ko kusa. Takan saci jiki ta tafi ta yi wasa da yara maza, in ta dawo ta sha duka, har dai daga baya suka haƙura suka koma masu mara mata baya.

Ku tsaya ku dubi wannan wuri da kyau, 'yan'uwa. Dukan bai hana ta wasa ba. Abin da ya jawo kawai shi ne ta riƙa fita a ɓoye, ta kuma yi wasan cikin maza, sabo da babu wurin da aka tanadar wa 'yan mata irinta. Ashe ke nan abin da yayyen suke gudu, shi hanin nasu ya haifar. Allah Ya tsare ta, ta fito lafiya, amma 'yan mata nawa ne za su saci jiki su fita su dawo lafiya? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma babu tsagewar da ta kai yarinya ta saba ɓoye wa uwarta inda za ta.

Tana da shekara 17, a 2012, aka ɗauke ta cikin 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 17 da suka je gasar duniya a ƙasar Azarbaijan. A 2014 ta je Kanada da 'yan ƙasa da shekara 20, suka kai har wasan ƙarshe a birnin Montreal, inda Jamus ta ci su ɗaya bayan an yi ƙarin lokaci. A watan Oktoba na shekarar nan kuma tana cikin manyan 'yan wasan ƙasa da suka ɗauko kofin Afirka a Namibiya, bayan sun ci Kamaru 2 da nema. A gida kuwa, ƙungiyar Delta Queens ta Jihar Delta take yi wa wasa. Ku auna nisan Kaduna da Delta, ku auna yarinyar da ba ta cika ashirin ba tana zaune can cikin mutanen da harshensu da abincinsu duk daban ne da na inda ta tashi.

A 2015 ta buga babbar gasar cin kofin duniya ta mata a Kanada, a watan Yuni na shekarar kuma wata ƙungiya ta Amurka mai suna Western New York Flash ta ɗauke ta. In da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce ai shi ke nan, kakarta ta yanke saƙa. Amma ina! Wasa tara kaɗai ta samu ta buga musu, a watan Mayu na 2016 kuma, watan da ta cika shekara 21, suka sallame ta. Wani abin da zai ƙara wa mutum ɗaci, a ƙarshen shekarar nan ƙungiyar da ta sallame ta ita ce ta ci kofin Amurka ba tare da ita ba. Ta yi watanni ba ta da ƙungiya, sai a watan Satumba ta samu wuri a FC Minsk ta ƙasar Belarus, ƙasar da yawancinmu ko sunanta ba mu taɓa ji ba. Daga baya ta koma ƙasar Suwidin, ta fara da wata ƙaramar ƙungiya mai suna Asarum a 2018, ta wuce Eskilstuna a 2019, sa'an nan a 2022 ta shiga Rosengård, wadda take cikin manyan ƙungiyoyin mata na ƙasar.

Kun ga dai tun daga gasar nan ta 2012 har ranar da ta samu wurin zama mai ƙarfi a Turai, kusan shekara goma ke nan. Ko a nan ma wahala ba ta ƙare ba, domin a 2024 an riga an sa sunanta cikin masu zuwa wasannin Olamfik a Faris, sai ciwon gwiwa ya hana ta tafiya. Ta yi jinya, ta warke, ta dawo, tana kuma cikin waɗanda suka ɗaga kofin nan a Rabat a 2025. Mu mun ga ranar kofi, ba mu ga ranar sallama da ranar jinya ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Abin da na fara ɗauka daga labarin nan shi ne, sana'ar ƙwallo sana'a ce mai gajeren kwana, kuma a kan ƙafa ɗaya take tsaye. Tela in ya tsufa yana iya sa tabarau ya ci gaba da ɗinki, malama tana iya koyarwa har ta yi furfura, amma 'yar ƙwallo da ta haura shekara talatin da 'yan kai sai a fara neman wadda za ta gaje ta. Jijiya ɗaya ta gwiwa in ta tsinke, sai mutum ya yi wata shida, ko tara, ko fiye, bai taka fili ba. Ko Asisat Oshoala, wadda ta ci kyautar gwarzuwar Afirka har sau shida, ta kuma ɗauki kofin zakarun Turai da Barcelona a 2021, a wasan farko na gasar Afirka ta 2022 ta ji ciwo a gwiwa, daga nan ba ta sake buga gasar ba. Daɗin daɗawa, 'yan wasa 23 kacal kowace ƙasa ta kai gasar duniya ta 2023. Duk faɗin Nijeriya, mutum 23. Sauran dubban da suka fara tare da su fa, ina suke?

Abu na biyu shi ne maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ruɗin iyaye. Gaskiya ne kuɗi sun fara shigowa wasan mata. A gasar duniya ta 2023 hukumar FIFA ta ware dala 30,000 ga kowace 'yar wasa da ta halarta, da dala 60,000 ga waɗanda suka kai zagaye na biyu, 'yan Nijeriya kuwa sun kai, sai a bugun daga kai sai mai tsaron gida Ingila ta fitar da su. Amma kada mu manta, a watan Disamba na 2016, bayan 'yan matan nan sun ci kofin Afirka a Kamaru, sai da suka ƙi fita daga masaukinsu a Abuja kusan mako biyu, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya, kafin a biya su haƙƙinsu. A 2019 ma sun yi irin wannan zaman a Faransa. To, in waɗanda suka ɗauko wa ƙasa kofi sai sun yi haka, ina ga yarinyar da take wata ƙaramar ƙungiya wadda ba mai jin kukanta? Uwar da ta cire 'yarta daga makaranta don ta ji an ambaci dala, ta sayar da akuyar da take hannu ne don kuɗin da suke bakin wani.

Don haka nake cewa littafi shi ne gaba. Ita kanta Asisat ta sha faɗin irin ɓacin ran da iyayenta suka yi sa'ad da ta karkata ga ƙwallo ta bar karatu, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Ita ta dace, amma ba a kafa doka da sa'ar mutum ɗaya. Yarinyar da ta gama sakandare ta riƙe takardarta, in ƙwallo ya karɓe ta za ta iya karanta yarjejeniyar da aka miƙa mata kafin ta sa hannu, ta san nawa za a biya ta, wa zai yi mata magani in ta ji ciwo, wa zai biya kuɗin jirgin komowa in an sallame ta. In kuwa ƙwallon bai karɓe ta ba, sai ta wuce Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato ko wata makarantar, ta fito malamar wasannin motsa jiki, ko ta zama alkaliyar wasa, ko mai horad da 'yan wasa. Florence Omagbemi ta yi shekaru tana kyaftin ɗin 'yan matan Nijeriya, daga baya kuma ita ce mai horadwar da ta kai su ga kofin 2016. Ilmi gishirin zaman duniya ne, ko a filin ƙwallo.

Yanzu bari in juyo ga 'yan'uwana masu cewa sam abin bai dace da mu ba. Ban raina maganarku ba, domin na san ba ƙiyayya ce ta sa ku faɗa ba, kishin mutuncin 'ya'yanku ne. Abubuwan da kuke gudu sanannu ne: gajeren wando, da cuɗanya da maza, da tafiye-tafiye ba muharrami, da tsoron kada yarinya ta rasa mijin aure. Irin wannan damuwa ce ta sa a shekarar 2000 maƙwabtanmu na Jihar Zamfara suka hana ƙwallon mata. Kada ma ku zaci mu kaɗai ne muka taɓa jin haka. A Ingila, inda aka tsara dokokin wasan, hukumar ƙwallonsu ta hana mata wasa a filayenta tun daga 1921, ba ta janye ba sai wajen 1971, shekara hamsin ke nan.

Amma mu duba mu gani, a cikin abubuwan nan wanne ne ba shi da magani? Maganar sutura, tun 2014 masu tsara dokokin ƙwallo na duniya suka yarda mace ta yi wasa da kanta a rufe. A gasar duniya ta 2023 wata 'yar Maroko mai suna Nouhaila Benzina ta buga wasa da hijabinta da dogon wando, duniya tana kallo, ita ce kuma ta farko da ta yi haka a babbar gasar. Ƙasar Saudiyya ma ta buɗe babbar gasar ƙungiyoyin mata a 2022, har Asisat ta koma ƙungiyar Al-Hilal ta can a 2025. Maganar aure da haihuwa kuwa, tun 2021 dokar FIFA ta ba 'yar wasa hutun haihuwa na aƙalla mako 14 tare da kashi biyu cikin uku na albashinta. Ban kawo waɗannan don in ce duk abin da wata ƙasa ta yi ya zama hujja a kanmu ba. Hukunci na malamai ne, su ya kamata a tambaya. Na kawo su ne don mu san cewa wasan da kansa bai tilasta wa kowa tsiraici ba, mutane ne suke zaɓen yadda za su yi shi.

Saura cuɗanya da tafiya, su kuwa maganinsu yana hannunmu. Mu mutanen ƙasar Sakkwato ba baƙi ba ne wajen tsara yadda mata za su fita neman abin da zai amfane su cikin mutunci. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'yan taru, mata suna tasowa daga ƙauyuka ƙungiya ƙungiya, kowace ƙungiya da jajinta, dattijuwa amintacciya wadda za ta kai su ta komo da su. Ba ina gwada ƙwallo da karatun addini ba ne, Allah Ya kiyaye, tsakaninsu akwai nisa. Dabarar nake nuna mana: ba a hana fita ba, an sa mata tsari da jagora. Abin da kakanninmu suka iya tun kafin zuwan mota, mu ba za mu kasa shi ba.

To, me za mu yi a nan Dogon Daji, da Tambuwal, da Kebbe, da sauran garuruwa irin namu? Ni ban ce a tashi gobe a kafa ƙungiyar ƙwararru ba. Sannu ba ta hana zuwa. A cikin jadawalin kowace makarantar firamare akwai darasin wasannin motsa jiki, an kuma koya mana shi a lokacin horon malanta kamar yadda aka koya mana lissafi. Amma mu faɗi gaskiya, sau da yawa in lokacin ya yi sai a jefa wa maza ƙwallo, 'yan mata kuwa su koma gindin bishiya su zauna, ko a aike su share aji. Yarinyar da take ɗauko ruwa daga rijiya, ta yi daka, ta yi surfe, ta kai abinci gona, ta kuma yi tsalle a dandalin gaɗa, ita ce za a ce ba ta da ƙarfin gudu? Haƙƙinta ne a ba ta rabonta na darasin, ko da ba za ta taɓa zama 'yar wasa ba, domin lafiyar jikinta.

Sabo da haka ina roƙon shugabannin makarantu da hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma su ware wa 'yan mata lokacinsu daban da wurinsu daban, a cikin shingen makaranta, malama mace tana tsaye a kansu. A bar su su sa dogon wando da riga mai hannu da ɗan hijabi wanda ba zai harɗe su ba. Mu malamai mata kuma mu daina noƙewa muna cewa wasa aikin malamai maza ne, domin in mun noƙe, ko dai a bar yaran a zaune, ko a miƙa su ga wanda iyaye ba za su natsu da shi ba. In an shirya gasa tsakanin makarantu, a yi ta da rana, a gayyaci iyaye mata su zo su zauna su gani da idonsu, gani ya kori ji. In tafiya ta kama zuwa Tambuwal ko Sakkwato, a nemi izinin uba a rubuce, malama ta raka su, a kuma komo da su kafin magariba. Sa'an nan a kafa sharaɗi, duk wadda ta faɗi jarrabawa ko take fashin makarantar allo ko Islamiyya, ba ta shiga fili sai ta gyara. Za ku sha mamakin yadda yarinya za ta riƙe karatu in ta san shi ne mabuɗin abin da take so. Wataƙila ma wannan ya riƙe mana waɗansu da talla take janye mana tun daga aji huɗu.

In kuma Allah Ya sa a cikin ɗari an samu ɗaya wadda baiwarta ta fito fili, har aka zo nemanta, to a nan ne aikin iyaye yake. Kada ku yarda da duk wanda ya zo da jaka da daɗin baki ya ce zai kai 'yarku Turai, ku kawo kuɗin fasfo da biza. Ku sani dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro ko yarinya da ba su cika shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai bisa waɗansu 'yan dalilai ƙalilan, kamar in iyayen ne da kansu suka ƙaura. Duk wanda ya ce zai fitar da 'yar shekara goma sha biyar, ko dai bai san doka ba, ko kuwa ba ƙwallo ne a ransa ba. Ƙungiyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi a hannun iyaye, ita ce take biya. Akwai gasar ƙungiyoyin mata ta ƙasa, akwai kuma ƙungiyoyi sanannu a nan Arewa kamar Nasarawa Amazons ta Lafiya da Adamawa Queens. Uba ko wa ko kawu ya taka da ƙafarsa ya je ya ga inda yarinya za ta kwana, ya ga ko akwai mace mai kula da su, ya tambayi yadda za ta ci gaba da karatu. A kawo takardar yarjejeniya a ba wanda ya san aiki ya karanta, kada a dangwala hannu a kan abin da ba a fahimta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina da magana kuma da yayye maza, ko da yake filin namu na mata ne, na san kuna leƙawa. Kishin ƙanwa abu ne mai kyau, amma kishin da ya tsaya ga bulala bai tsare kowa ba. Kuna cika gidajen kallo kuna yi wa 'ya'yan waɗansu tafi, kun san dokar wasan, kun san ƙungiyar kirki da ta banza fiye da iyayenku. In ƙanwarka tana da baiwa, kai ne ya fi dacewa ka raka ta, ka tsaya mata, ka kore mata 'yan damfara. Yayyen Halimatu daga baya sun dawo sun goyi bayanta. Da sun fara da haka tun farko, da an rage mata wahala.

Ku kuma 'yan matana, ku saurara da kyau. Kada wadda ta karanta wannan ta je ta ce Malama ta ce a yi wa iyaye tsaurin ido. Ban ce ba. In kina so, ki faɗa wa mahaifiyarki a fili, ki nemi malamarki ta je ta yi musu bayani. In sun yarda, ki riƙe amanarsu, ki kiyaye sallarki da suturarki da karatunki. In sun ƙi, ki yi haƙuri, kada ki saci hanya, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma babu kofin da ya kai albarkar iyaye. Ki kuma sani, waɗanda kike gani a talabijin sun yi shekaru suna gudu da sassafe, sun zauna a benci, an sallame su, sun yi kuka a ƙasar da ba su da kowa. In ba ki shirya wa wannan ba, to sha'awar riga da tafi kawai kike yi.

'Yan'uwana iyaye mata, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zamani ya riga ya kawo abin nan har cikin ɗakunanmu ta rediyo da waya, rufe ido ba zai mai da shi ba. Yarinyar da ta ga uwarta da malamarta sun saurare ta, sun kafa mata sharaɗi, sun tsaya a kanta, ba ta da dalilin ɓoye musu komai. Wadda aka rufe wa ƙofa kuwa ba a ce mata don me ba, ita ce take neman taga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai gida da makaranta da hukuma sun haɗu.

Na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba, ina kuma maraba da su. Ku rubuto wa wannan fili ra'ayinku, musamman malamai mata na makarantun 'yan mata da iyayen da abin ya taɓa shafa, domin mu ƙaru da juna. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani da sana'a ta halal, Ya kuma tsare mana mutuncinsu a gida da waje, amin. Sai mun sake saduwa.